Issifu da Tujen da Ya Ƙi Rawa

Shekara shida ina aikin gwajin jini a wata gonar kiwon tuje da ke bayan Al Rayyan, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irin Baba Issifu ba. Gajere ne, ɗan zangon Bawku a Ghana, ya haura hamsin. Gadi ya kawo shi Qatar. Da aka lura tsuntsayen ba sa firgita in ya ratsa ta gabansu, sai aka mayar da shi aikin kula da su a cikin keji.

Tujen nan, wanda Larabawa ke kira hubara, ya yi ƙaranci a daji, shi ya sa ake kiwonsa a sake shi. Ba a barin namiji ya haɗu da mace. Macen ƙarya ake ajiye masa, in ya yi rawarsa ya hau ta, a ɗebi irinsa a sa wa matan gaske. Muna da wani namiji mai lamba 41 da ba ya gajiya. Mudir, wato shugaban gonar, kamar ya goya shi. Kusan rabin 'yan tsakinmu nasa ne, ko na 'ya'yansa.

Ni da ke duba jinin na san inda muka dosa. Ƙwai sun fara ƙin ƙyanƙyashewa, wasu 'yan tsakin na fitowa da ƙafa a karkace. Na rubuta rahoto sau biyu, aka yi mini godiya aka jefa shi a durowa. Na ji haushi, amma na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Baba Issifu bai san gwajin jini ba. Zabi ya sani. Mahaifiyarsa Basiratu ba ta taɓa sa wa kaza ƙwan zabin gidansu shekara biyu a jere ba. Da damina ta kama, sai ta tafi kasuwa mai nisa ta yi musayar ƙwai da matan da ba ta sani ba. Ya ce mini, “Malama Rukayatu, jini ɗaya in ya yi ta juyawa a gida ɗaya, gajiya yake yi. Wannan 41 zai cinye gonan nan.”

Ana nan aka kawo mana wani tujen daji da aka ƙwato a hannun masu fasa-ƙwauri, fiffike ɗaya a karye. Jininsa bai haɗa dangi da ko ɗaya a gonar ba. Sai dai ɗan banzan ya ƙi ci a gaban mutum, ya ƙi kallon macen ƙarya, balle rawa. Baba Issifu ya mai da kula da shi aikinsa. Riga ɗaya yake sawa kullum, ya wanke ta da yamma ya mayar da safe, don tsuntsun ya saba da shi. Yakan zauna a kusurwar kejin ya juya masa baya, awa biyu, ko tari ba ya yi.

Bayan wata huɗu mudir ya ce khalas, wato ya isa haka, a ba masu horar da shaho tsuntsun su yi atisaye da shi. Da motar ɗaukar tsuntsun ta zo, sai aka tarar da Baba Issifu tsaye a ƙofar kejin, makulli a aljihu.

“Yalla, maza buɗe,” in ji mudir.

“Ba ni buɗewa.”

“Ka san zan iya kiran kafil ɗinka, mai riƙe da bizarka, yanzu?”

“Kira shi. In ka ba shaho wannan, shekara biyar ba ka da tsuntsu mai tashi a nan. Ni na faɗa maka.”

A nan ne bakina ya buɗe. Na ce zan kai rahotona wurin mai gonar da ƙafata. Mudir ya dube mu, ya sallami motar. Amma bai yafe ba. Washegari aka miƙa wa Baba Issifu takardar sallama, wata ɗaya ya tattara nasa ya nasa.

Na ɗauka zai yi fushi ya zauna a ɗaki. Ina! Ko rana ɗaya bai fasa zuwa kejin ba. A kwana na ashirin da uku na wa'adin, da hantsi, tujen ya baza farin gashin ƙirjinsa har ya rufe kansa, ya shiga zagaye kejin da gudu, fiffiken na jan ƙasa. Sau uku aka ɗebi irinsa kafin wa'adin ya cika. Na roƙi mudir ya janye takardar, ya ce ai an riga an sa hannu.

Ƙwai goma sha ɗaya aka samu, tara suka ƙyanƙyashe, duk ƙafafunsu a miƙe. A lokacin Baba Issifu ya yi sati uku a Bawku. Na tura masa bidiyonsu, ina share hawaye da bakin mayafi, na gaya masa yanzu mudir cewa yake a sa wa dukkan matan irin tujen dajin.

Saƙon muryarsa ya shigo, ina jin kukan zabi a bayansa. “Ki ce ma shi a'a. Duka matan kuma? Ashe mutumin nan bai ji komai ba. Malama, yanzu ke ne a ƙofan keji. Kar ki matsa.”