Hular da na saƙa wa Yaya Isyaku

Shekara bakwai ke nan, a wannan kaka, da aka tsinci gawar yayana Isyaku a bakin rafi, kan hanyar da ta taso daga Kwanar Dangora zuwa garinmu, Tudun Wada. Ɗan makarantar kwana ne a Kano, ya taho hutu. Mata masu zuwa itace suka gan shi da hantsi, da rauni a ƙeya, kansa ba hula, akwatinsa a gefe ba a ko taɓa kwadon ba. Har yau ba a san wanda ya kashe shi ba.

Shekarata goma sha uku a lokacin. A makarantarmu ta 'yan mata na koyi saƙa, abin da na fara gamawa kuwa hula ce fara mai zare shuɗi a baki, na aika masa. Akwai wurin da na yi kuskure, ido biyu suka haɗe. Ya rubuto mini cewa wurin ya fi so.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta magana ta fara yawo. Tun da ba a ɗauki akwati ba, in ji mutane, ba ɓarayi ba ne, wanda ya san shi ne. Aka ce makiyayan wajen Doguwa ne. Aka ce a kan wata yarinya ce a Bebeji, wadda ba wanda ya iya faɗin sunanta. Ranar sadakar uku Inna ta sa aka fasa akwatin, aka rabar da tufafinsa kamar yadda aka saba. Ita ba ta iya ko kallonsu ba.

Ranar bakwai abokinsa Lawan ya zo gaisuwa daga Kiru. Mota ɗaya suka shigo daga Kano, a Kwanar Dangora suka rabu. Ya yi sallama a zaure da hular da na saƙa a kansa.

Aka kira ni gaban ɗan doka. Ya miƙo mini ita ya ce, “'Yan mata, duba da kyau. Saƙarki ce?” Na juya ta, na ga idon nan biyu. Na ce eh.

Lawan ya rantse musayar hula suka yi, irin ta abokai a makarantarsu idan za a rabu hutu. Kawuna ya daka masa tsawa: “To ina taka hular? A kan gawa ba mu gan ta ba!” Alƙali ya sallami Lawan don babu shaidar da ta gani da ido, amma gari bai sallame shi ba. A Kiru aka daina cin tuwo kwano ɗaya da shi. Ya bar karatu, aka ce ya yi Jos, daga nan labarinsa ya ɗauke.

Yanzu ina koyarwa. Bana, ranar Sallah ƙarama, na je gaida tsohon ladanin unguwarmu, na tarar ya cire wata jar hula ya ɗora a gwiwa. A cikinta na hango rubutun tawada, irin wanda 'yan makarantar kwana ke yi don kada kaya su ɓace wurin wanki. Na ce, “Baba, wannan fa?”

Ya ce, “Ai ta ɗan'uwanki ce, 'yata, cikin kayan sadakarsa. Sai Sallah nake sa ta. Allah ya jiƙan yaron nan.”

Sunan Lawan ne a ciki. Baba Ladan ya sauke littattafai da yawa, amma ba ya karanta boko. Shekara bakwai yana zuwa idi da amsar tambayar Kawu a kansa.

Na daɗe ina auna abin. Hular ba ta faɗi wanda ya yi kisan ba. Ban san abin da ya sa Yaya ya sa ta a akwati ba, wataƙila ta yi masa kaɗan. Abu ɗaya ta tabbatar: abin da Lawan ya faɗa ranar nan gaskiya ne. Kuma da mun tsaya mun yi tunani, wane mai kisa ne zai zo gaisuwa da hular mamaci a ka? Ni ma gaskiya na faɗa, amma tawa gaskiyar aka ɗaure shi da ita.

Inna ta ce, “Ki bar mini ɗana ya kwanta.” Kawu ya ce rubutu ai kowa na iya yi. Na fahimce su. In aka cire Lawan daga zuciyarsu, ba abin da zai rage sai rafin nan da shirunsa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau: ana ta zancen mulkin kai, ƙanwarsa na riƙe da alli, abokinsa kuwa ba ya iya taka garinsu. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi ina ƙarama. Duk labarin da na kawo masa da gudu, sai ya karkata kai ya ce, “Ke kika gani, ko ce miki aka yi?” Muryarsa ta fara dushewa a kunnena, amma wannan tambayar na nan. Ranar da ya kamata a yi ta, shi kaɗai ne ba ya zauren.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Kai kuma Lawan, idan jaridar nan ta iske ka, ko wani ya karanta maka: na roƙi Baba Ladan, ya ba ni. Hularka na wurina. Na gani da idona.