Gangar da ta ɓace a lasifikar motarmu

Shekara huɗu ko biyar bayan samun 'yancin kai, ina tuƙa babbar motar yayana tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Da kaka mu kwashi auduga zuwa gidan gurza, ranar kasuwa kuwa mu share bodi mu jera bencina mu ɗauki mutane da buhunansu da kajinsu. A lokacin ban daɗe da yin aure ba, kuma ina ganin ba abin da ke jikin mota wanda hannuna ba zai iya ba.

Wani akawun tashar jirgin ƙasa aka yi wa canjin wurin aiki, ya sayar da kayansa. A ciki har da rediyon da ya ciro daga tsohuwar motarsa, da lasifika biyu, kowace kamar faifan rufe ƙwarya. Na saya ban yi shawara da kowa ba. Da na kai wa yayana ya juya ta, ya leƙa bayanta, ya ce, "To, wa zai haɗa maka?"

"Ni mana, Yaya. Waya ce fa kawai."

Ya ce Allah ya taimaka, ya koma kan lissafin tayoyinsa da suka suɗe.

Niyyata ita ce fasinja su ji, domin motocin da ke bin hanyar nan sun fara yawa, kuma ba mai rediyo ko ɗaya. Na sa kafinta ya yi mini dogon akwati mai huji biyu, na dasa lasifikokin gefe da gefe, na ɗaure akwatin a bayan kan mota yana fuskantar bencina. Rediyon na kafa ta a gaba kusa da sitiyari. Na fara haɗa lasifika ɗaya, na murɗa, sai ga muryar mai labarai tangaram. Daɗi ya kama ni. Na jawo waya na haɗa ta biyun. Wayoyin duk baƙaƙe ne, kowace lasifika kuma ƙafa biyu gare ta, don haka duk wadda ta zo hannuna ita na murɗe. Ta yi magana. Na ce shi ke nan, aiki ya ƙare.

Ranar kasuwar farko mota ta cika tun ban gama shan koko ba. Har wanda ba shi da abin yi a Funtuwa sai da ya hau. Ni ina gaba, ƙarar inji ba ta bari in ji komai sosai, amma ta ɗan tagar baya ina hango kawuna suna kaɗawa, na tabbata na gama da sauran direbobi.

A Bakori muka tsaya ƙara wa mota ruwa. A cikin fasinja akwai wani dattijo Bamaguje daga ƙauyukan yamma da Malumfashi, manomi, wanda kusan kowane mako yake bin mu da buhun dawa ko gyaɗa. An san shi da kiɗan gangar noma. Duk gayyar da za a yi a yankinsu shi ake kira. Ya sauko a hankali, ya same ni ina riƙe da garwa. A daidai lokacin kiɗa ake sawa a tashar Hausa.

Ya ce, "Direba, akwatin nan naka ba shi da lafiya."

Na yi dariya. "Baba, me ya same shi?"

"Gangar da ake kaɗawa a ciki. Ina jin bakinta, ba na jin cikinta. Ganga in an buga ta, a nan ake ji." Ya dafa ƙirjinsa. "Wannan kamar ana dukan faranti."

"Haka rediyo take, Baba. Daga nesa fa kiɗan yake zuwa, dole ya rame a hanya."

Mutane suka kwashe da dariya, suka ba ni gaskiya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce a gidan dagacinsu akwai rediyo, ƙarama ma, kuma gangar da ke cikinta da cikinta take zuwa. Ya hau mota ya zauna a kan buhunsa.

Maganar ta tsaya mini. Da muka sauke mutane a Funtuwa na hau bodi ni kaɗai, na zauna a benci na saurara. Murya tana fita, amma siririya, kamar mai magana ta hanci. Na tuna ranar da na haɗa lasifika ɗaya tak, kamar ta fi haka kauri. Na gaya wa yayana. Ya ce, "Ka je wurin tsohon sojan nan na bakin tasha. Kuma ka je da ladabi, ba ya son masu iyawa."

Tsohon sojan yana da ɗan shago kusa da tashar jirgi, yana gyaran rediyo da tocila da agogo. A soja aikin wayar iska ya yi. Na same shi da hantsi yana narkar da dalma a kan ɗan murhun gawayi. Na gaishe shi, na ce rediyona ce ta lalace.

"Wa ya haɗa?"

"Ni, Malam."

"To, ba rediyon ce ta lalace ba."

Na kai shi wurin motar, ya hau bodi da ƙyar saboda gwiwarsa, ya sa na kunna. Ya saurara kaɗan, sai ya miƙa hannu bayan akwatin ya cire wayar lasifika ɗaya. Wallahi nan take ganga ta dawo, har na ji ta a katakon da nake tsaye a kai. Ya mayar da wayar, ganga ta gudu. Ya sake cirewa, ta dawo. Yana yi yana kallona, gashin bakinsa yana rawa.

Na ce, "Ke nan ɗayar ce matacciya?"

"Lafiyarta ƙalau. Kai direba ne, ko? In motarka ta kafe a laka, ka sami ƙarti biyu, ɗaya ya tura daga baya, ɗaya ya tura daga gaba, ina za ta je?"

"Ba inda za ta."

"Abin da ka sa su yi ke nan. Wannan tana tura iska waje, waccan tana janye ta ciki."

Ya sa na kashe rediyo, ya kwance wayoyin duka. Ya ciro batir ɗaya daga tocilarsa, ya ɗora waya ɗaya a gindinsa, ya taɓa ɗayar a kansa. Lasifikar ta yi ɗan ƙas, baƙin kwalin da ke fuskarta ya zaburo waje. Ya ce in sa yatsa in ji. Ya juya wayoyin, ya sake taɓawa, kwalin ya shige ciki. Sai ya ce, "Wayar da in ta taɓa kan batir kwali ya fito, ƙulla mata ƙulli." Na ƙulla. Muka yi wa ta biyun haka. Ya ce masu ƙulli su tafi wuri guda a bayan rediyo, marasa ƙulli su tafi ɗaya wurin, kada in kuskura in gauraya.

Bai tsaya nan ba. Ya bi wayata tun daga akwatin har gaba, yana tsaki. Inda na murɗe da hannu ya sa dalma ya liƙe. Inda ta ratsa hujin ƙarfe ya nuna mini har ta fara gogewa, ya ce da an ƙara mako biyu ta taɓa jikin mota ta ƙone mini rediyo. Ya yanko guntun robar cikin tayar keke ya naɗe wurin. Da muka gama na tambayi ladan aiki, ya faɗa, na biya, ya ƙara da cewa in na taso daga Malumfashi in riƙo masa rogo.

Mako ya zagayo, dattijon nan mai ganga ya zo da buhunsa. Ban ce masa komai ba. Na jira sai da aka sa kiɗa, na ƙara murya, na sauko na tsaya ina goge gilashi kamar ba ruwana. Ya karkata kai, ya daɗe yana ji. Can ya leƙo ta saman bodi.

"Direba, ka ba shi magani."

"Ya warke, Baba?"

"Ya warke. Amma makaɗin yana da gaggawa. Da a gona ne, kafin azahar ya kashe mutane."

Da damina ta sauka ya aiko mini cewa za a yi gayya a gonarsa, in zo da akwatin, mutanensu suna so su ji. Ranar ba lodi, yayana ya yarda. Na kai mota har bakin gona, ta hanyar shanu, ina kauce wa kututture. Majiya ƙarfi sun fi talatin, sun jeru da garemaninsu, mata sun ajiye tukwane a gindin ɗorawa. Aka ce to, direba, a saki kiɗa. Na hau da taƙama na murɗa. Sai ga wani malamin asibiti yana bayani a kan tafasa ruwan sha. Na murɗa gaba, Turanci. Na dawo, yana nan bai gama ba.

Suka tsaya suka saurare shi da ladabi na ɗan lokaci. Wata tsohuwa ta ce, "Shi wannan ba ya numfashi?" Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya rataya gangarsa, ya buga sau uku, layi ya motsa.

Kunya ta hana ni zama a mota. Na kashe rediyo, na tuɓe riga, na karɓi garma na shiga tsakaninsu. Kunyar noma biyu na kai da ƙyar, na gefena suna ta yi mini kirari suna rage sauri don kada su bar ni a baya. Da rana ta take, uwargidan dattijon ta dama mini fura a sabuwar ƙwarya, ta ce wannan ta baƙo ce. Na sha na kwanta a inuwa.

Da yamma suka loda mini kabewa huɗu da kaza. Tafin hannuna duk ya yi bororo, sai da tsumma na riƙe sitiyari har gida. Matata ta dubi hannun, ta dubi kabewar, ta ce gobe ma in akwai gayya in je.