Teburin Fawa da Leɓen Zakara

Maigidana mahauci ne a kasuwar Garwa, Allah Ya jiƙansa. Tun da ya rasu ba na wuce layin mahauta sai idona ya cika. Amma yau ranar da ya fi faranta mini nake so a rubuta.

Zamanin da ɗan garin nan ke mulkin ƙasa, bayan kaka mahauta kan shirya dambe a fili kusa da mayanka, ni kuma ina sayar da kunu a gefe. Caca iri biyu ake yi a wurin. Akwai babba, ta wanda zai kayar da wani. Akwai ƙanana: wa zai fara kai naushi, ko zaren hannun wane zai kwance, ko za a ga jini a turmin farko. In kowa ya san mai nasara, babbar sai ta mutu, ƙananan su yi kasuwa.

Shekarar nan aka zo da wani zakaran dambe daga Mayo-Oulo, wanda aka ce hannu bai taɓa sauka a fuskarsa ba. Maigidana a lokacin ya fara furfura, ya daɗe da barin fage. Wani dillalin shanu, wanda ya jima yana kwaɗayin teburinmu na sayar da nama don ƙanensa, ya ɗaga murya:

"Tsohon fawa, ka koma bayan tukunyar kunu? Ko ita ce garkuwarka yanzu?"

"Alhaji, kayar da shi kam ba zan iya ba," in ji maigidana. "Amma kafin in faɗi sai na fasa masa leɓe."

"Bijimina a kan teburinka!"

"Na karɓa."

Teburin nan shi ne cinmu, shi ne suturar 'ya'yanmu. Na kama bakin rigarsa na ce, "Maigida, ka haukace?" Ya ce, "Ke dai ɗora ruwan zafi, zan buƙace shi."

Kalangu ya ɗauka. Ɗan dambe kan miƙa hannun hagu ya kare kansa, maigidana kuwa sai na ga ya sauke nasa, ya bar fuskarsa a buɗe kamar mai jiran aski. Saurayin ya ga banza, ya shigo da ƙarfinsa duka. Dama abin da ake jira ke nan, ya matso kusa. Hannaye biyu suka sauka kusan tare. Maigidana ya zube kamar buhun gero.

Sai zakaran ya tofa yawu, ja wur.

Mahauta suka ɓarke da ihu, suka bar mai nasara tsaye shi kaɗai, suka ɗauki wanda aka kayar a kafaɗa. Ido ɗaya a rufe yake dariya yana cewa, "Alhaji, usoko, na gode! A kawo shi da igiyarsa!"

Liman ya ce naman caca ba ya shiga tukunyar kirki. Maigidana bai musa ba. Ya kwana da bijimin a ƙofar gida don unguwa ta gani, da safe ya ja shi har gaban dillalin a tsakiyar kasuwa ya ce, "Ga abinka, na yafe. Teburi dai ka cire ido."

Dillalin bai sake magana a kan teburin ba. Ɗanmu ne ke tsaye a teburin yanzu. Idon nan na hagu na maigidana har ya koma ga Allah bai ƙara buɗewa sosai ba, kuma shi yake kashe mini in ya shigo gida. Shi nake nema in na farka.