Yafiyar Isuhu

Wata Litinin cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a tsakar gida da rana tsaka, ko takalmin aiki bai cire ba. Inna sai firfita wutar da ta riga ta kama take yi. A layin famfo na ji daga bakin yara cewa Baba ya mari mutum, an kore shi.

Aikinsa haɗa taragai ne a layin dogon da ke shiga masana'antun Bompai, muna zaune a gidajen ma'aikata dab da layin. Da duwatsunsa muke carafke, mu tsinto wa kajin Inna masarar da ta zube daga buhuna. Har ni na san idan korar ta tabbata, gidan ma sai mun bar shi.

Wanda aka mara Isuhu ne, Badamagare, abokin wasan Baba. Baba yana tsakanin taragai biyu Isuhu ya kwarma ihu wai jirgi ya motsa, don kawai ya ga gudun Bakano. Baba ya fito a guje, da ya gane wasa ne ya ɗauke shi da mari a gaban shugabansu.

Ƙungiyar ma'aikata ta kai maganar gaban kwamitin sasanci, wakilinta ya ja wa Baba kunne kada ya ce wa kowa uffan kafin zama. Amma Baba ba ya iya kwana da haƙƙin mutum. Ya ɗauki liman da goro, ya tafi har ɗakin Isuhu, ya amsa laifinsa a bainar jama'a. Isuhu ya yafe, aka shafa fatiha. Inna har da dafa shinkafa, don mun ɗauka magana ta mutu.

Ranar zaman kuwa lauyan kamfani bai ko yi gumi ba. Limamin da Baba ya kawo shaida kawai ya tambaya, liman ya faɗi yadda ya ji Baba ya amsa laifinsa da bakinsa. Isuhu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa aka mara, kuma na yafe. Saura me?"

Shugaban kwamitin ya ce, "Malam, yafiyarka tsakaninku ce. Dokar ta wurin aiki ce."

Aka tabbatar da korar. Isuhu ne ya loda kayanmu a mota zuwa ɗakin haya a Dakata, yana hawaye, Baba yana tsokanarsa. Ni kuwa haushin Baba na ji, haushi sosai, na shekara da shekaru ina ganin bakinsa ne ya raba mu da gida.

Yanzu ciyawa ta cinye layin. Ina aiki a Sharada, inda in rigima ta tashi kowa waya yake ɗagawa, ba mai taka ƙofar wani. Da Baba ya rasu, Isuhu ne ya yi masa wanka, kamar yadda Baba ya bar wasiyya. Ran nan haushin ya sake ni.