Igiyar Da Na Ƙi Riƙewa

A lokacin ni manomin albasa ne a fadamar Badaguishiri, ga ƙarfi ga zafin kai, ba a taka ni in yi shiru. Rijiya ɗaya muke ban ruwa da ita ni da ɗan ƙanen mahaifina, wanda tare aka yi mana kaciya. Wata safiya na tarar yana jan ruwa a ranar da take tawa. Abin bai taka kara ya karya ba, amma na zage shi har da ambaton mahaifiyarsa, na kuma daina amsa sallamarsa.

Samarinmu da suka dawo daga cin rani a Legas suka riƙa tsokanata, wai ni da shi muna "bif". Da na tambaya, suka ce kalmar Turanci ce, asalinta naman sa, amma can gaba ake nufi da ita. Yadda nama ya koma faɗa kuwa, babu wanda ya sani. Maimakon in ji kunya, wallahi daɗi na ji, ina ganin rigimata ta yi suna.

A wajenmu idan ruwa ya ja baya, mutum biyu ke yashe rijiya. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe igiya yana lura da bango, in ƙasa ta fara zubowa ya jawo ɗan'uwansa. Da lokacin ya zo, ɗan'uwan nawa ya aiko matarsa ta roƙe ni in riƙe masa igiya. Na ce ta gaya masa ni ba baransa ba ne. Kowa na fama da tasa gonar, albasarsa kuma tana bushewa, sai ya ɗaure igiyar a kututture ya shiga shi kaɗai. Bangon ya rufta masa. An ciro shi da rai, amma har yau sai an ɗaga shi an zaunar.

Da na je duba shi na kasa haɗa ido da shi. Ya ce ya yafe mini, sai dai in taimaka kada albasarsa ta mutu. Yafiyar nan ta fi zagi yi mini ciwo.

Na koyi cewa mai gaba ba ya zaɓen ranar da za a bukace shi. 'Yan'uwa, in kuna fushi da wani, ku yi fushinku, amma in ya kira ku je. Ni yanzu kullum ranata ce a bakin rijiyar nan, kuma ban taɓa jan guga da daɗin rai ba.