Takardar Da Baban Luba Ke Maƙalawa a Ƙofar Firij

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan ƙaramar Sallah kun ji ni shiru. Masu kirana ban ɗauka ba, ku yafe mini, kwance nake.

Na daɗe da ciwon suga. Allura nake yi wa kaina kullum, kwalaben maganin kuma a firij suke zama, don zafi na kashe musu ƙarfi.

Likita ya hana ni azumi, abin na mini ciwo ƙwarai. Sai na ce to, ladar ba za ta wuce ni duka ba. A layinmu nan Boɗinga mu kaɗai ke da firij, na ce maƙwabta su kawo ruwan buɗa-baki. Kai, sunka kawo kuwa! Zoɓo, kunun aya, gorunan ruwa, har ƙofar ta rinjaya ta daina kamawa. Ni da dabarata sai na jingina mata turmi, na ce an gama.

Ƙishi ya fara damuna, fitsari ba iyaka. In na gwada sugan, sama yake. Na ƙara allura, kamar ruwa nake zuba wa jikina. Sai amai, ido ya dushe.

Ranar da na faɗi ina tankaɗe, maigidana, Baban Luba, ya ɗauko Keke Napep ko takalmi bai sa ba. Asibitinmu sunka tura mu Sakkwato.

Kwana tara. Ƙarin ruwa, gwajin jini, gwajin ƙoda, a soki yatsa safe da yamma. Albasar da maigidana ya ajiye sai ta yi tsada, ita ya fitar aka biya. Na ji tsoro, wallahi. Luba nake tunani, ko yaye ta ban yi ba.

Abin da ya ɗaure wa likita kai, allurar asibiti na aiki, ta gida ba ta yi. Ya ce a kawo kwalabena. Ya ɗaga ɗaya, ya duba, ya ce maganin ya lalace, ya tambayi inda nake ajiya.

Yayana Sahabi, mai gyaran firij a Shagari, shi ya je ya duba. Ya maƙala takarda a bakin ƙofar, ya rufe, ya ja, ta fito sumul. Robar ƙofar ta buɗe, ta ƙame da zoɓon da ya zuba. Ana ɗauke wuta sanyin ya tsere, cikin ya koma kamar ɗaki da rana.

Ya cire robar, ya jiƙa a ruwan ɗumi har ta yi laushi, ya wanke ta, ya ɗaure ƙofar ta daidaita, ya mayar. Ya kira ni a waya yana faɗa: "Ke ɗiyar Inna, ina da rai ki gyara firij da turmi? Mi ya hana ki kira ni?"

Na yi dariya har da hawaye a gadon asibiti.

Alhamdu lillahi, na dawo gida, ina dafa tuwona da kaina. Na gode wa ma'aikatan jinya, da maƙwabtan da sunka riƙe mini Luba. Wasu sun zo suna kuka wai ruwansu ne ya ja. Ba ku ba ne, ni ce ban sani ba.

Masu allura, don Allah ku gwada ƙofarku da takarda. In ta zare ba gardama, a gyara. Ku riƙa wanke robar, kada ku cika ƙofa da kaya. In kuna allura sugan bai sauka ba, ku tafi asibiti ranar, ku tafi da kwalbar.

Baban Luba ba mai yawan magana ba ne, har yau bai ce mini ya ji tsoro ba. Amma kullum da safe kafin ya wuce fadama, sai ya maƙala takarda a ƙofar nan ya ja. Yana zaton ban gani ba.

Jiya na ce masa ai Yaya ya gyara. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Na sani. Bar ni dai in ji ta riƙe."