Ranar da Muka Kai Majalisa Ƙofar Direba

Na zauna a Kumasi, na yi shekaru a Duwala, har Umdurman na taɓa sayar da turare, amma abin da ya faru a wani gidan haya a Nzeng-Ayong, nan Libreville, ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe idona.

A gidan akwai wani matashi ɗan Maraɗi, direban taksi. In ka gan shi da safe sai ka ce a ba shi limanci. Amma in yamma ta yi, ya haɗiyi ƙwayoyin nan da direbobi ke sha wai don kada su gaji, ya bi da giya a mashayar bakin titi, to jikin matarsa ne zai ji. Duk mun sani. Abin da ake yi kuwa shi ne wanda na ga ana yi ko'ina na je: a aika wa matar a ce ta yi haƙuri.

Mai gidan hayar wata dattijuwa ce 'yar Gabon, kowa Maman yake ce mata. Ita ta same mu, mu dattawan Hausawa, a majalisarmu gaban mai shayi, hannu a ƙugu. Ni na yi tafinta, don Faransancin sauran iyakarsa ciniki.

"Me ta ce?" in ji babbanmu, wani Alhaji Bakano mai sayar da yadi a unguwar Cocotiers.

"Ta ce jiya ya fasa wa yarinyar leɓe. In ya sake, komisariya za ta kai shi, wajen 'yan sanda. Ta kuma ce gemunmu ya yi yawa, amfaninsa ya yi kaɗan."

"Har da gemun ta faɗa, ko kai ka ƙara?"

"Alhaji, ragewa ma na yi."

Washegari muka je ni da mai ɗakina muka tambayi yarinyar abin da take so, tambayar da ba wanda ya taɓa yi mata. Ta ce, "Baba, haƙurin nan an ba ni har na rasa wurin ajiye shi. Ba so nike a kore shi daga ƙasar ba. So nike in ji tsayuwar motarshi gabana bai faɗi ba."

Da na kai wa Alhaji wannan magana, bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi a kwashi tabarmi. Bayan la'asar muka ɗauki butoci da tukunyar shayi muka shimfiɗa majalisa a ƙofar ɗakin direban. Mutuminmu dai ba ya korar baƙo, balle baƙo mai furfura.

Gab da magariba sai ga shi. Tun daga ƙofar gida yake daka tsawa, "Ke! Ina kike?" Ya shigo yana tangaɗi, sai ya yi ido huɗu da tsofaffi jere suna kurɓar shayi. Wallahi kamar an zare wa rediyo batir. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sa hannu ya rufe baki.

Alhaji kuwa ya buɗe gaisuwa. Ina gajiya, ya aiki, ya cunkoson hanyar Port Môle, ya mutanen Maraɗi, an ji labarin damina? Ya gama ya sake ɗaukowa daga farko. Yaro na amsawa yana kau da fuska don kada numfashinsa ya iso mu.

Can Alhaji ya ce, "An ce kana dukan iyalinka."

"Wallahi Alhaji, in na sha ban sanin abin da nika yi."

"Ikon Allah! Ni kuwa na ga giyar nan taka tarbiyya gare ta."

"Na'am?"

"Ta san manya. Ta cire takalmi, ta durƙusa. Ɗan sandan da ke tare ka a hanya, ta taɓa marinsa?"

"A'a."

"Fasinja fa?"

"A'a, Alhaji."

"To ashe tana gani sarai. Zaɓe take yi. Sai wadda take ganin ba ta da kowa a garin nan." Ya nuna mu da kofin shayi. "Ga iyayenta nan, ƙirga."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake ni na sha wuya wajen riƙe tawa. Yaron ya zauna dirshan a ƙasa ya yi kuka.

Ba zan ce daga ranar ya zama waliyyi ba, ƙarya ba ta dace da tsoho ba. Mun ci gaba da zama ƙofarsa har ruwan Libreville ya kore mu zuwa barandar Maman, tana mita a kan ganyen shayin da muke zubar mata. Ɗayanmu ya riƙa raka shi wajen likita saboda ƙwayoyin. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Muka kuma yi sharaɗi: ranar da ya sha, ba zai taka ɗakin ba, shagon Alhaji zai kwana a kan dilar yadi. Ita kuma ƙofar mai ɗakina a buɗe take gare ta ko yaushe, ba sai ta yi bayani ba. Wata yamma da ƙafarsa ya zo ya miƙa mini makullin mota, ya ce, "Baba, yau ban dace da gida ba." Ranar na san an fara samun mutum.

Yau ƙwayar ta zama tarihi. Giya kuwa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma hannu bai ƙara ɗagawa ba, kuma ita muke tambaya, ba shi ba.

Na ji ana ɗora wa kwalba laifi da harsuna da dama, da Hausa, da Faransanci, da turancin buroka, duk kalma ɗaya ce: ba ya cikin hayyacinsa. A tsakar gidan nan na koyi cewa shaye-shaye ciwo ne, a kai shi ga likita. Duka kuwa zaɓi ne, kuma mai zaɓen yakan duba ko akwai mai kallo. Tun daga nan, in aka ce a je a ba wata haƙuri, sai in ce a'a, a ɗauko tabarma.